Takalmin Dogo a Ƙofar Coci

Ranar Litinin da hantsi Baba ya janye maganar auren Auta. Bai yi faɗa ba, bai kuma kira kowa gefe ba. A shagonsa na ɗinkin takalmi ya faɗa, a gaban yayansa Baffa da wasu mutum biyu da suka kawo gyara, sannan ya ci gaba da shafa gam a ƙasan takalmin da ke hannunsa.

Dalilin yana kan teburin aikinsa. Takalmi ne ƙafa ɗaya, na dama, na baƙar fata, mai girman da ba a samunsa a kanti.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba, tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Wanda za ta aura malamin lissafi ne da kowa ke kira Dogo. Musulmi ne, kamar mahaifinsa da ya rasu tun yana firamare. Mahaifiyarsa Kirista ce, kuma gida ɗaya suke zaune.

Gidan su Auta sun san da wannan tun farko. Baba ya yi bincikensa, sun yi sallah da yaron a sahu ɗaya ba sau ɗaya ba, daga ƙarshe ya ce ya yarda. Da ya lura Dogo yana fama da takalman kasuwa masu matse shi, sai ya zaunar da shi a kan benci, ya auna ƙafarsa, ya ɗinka masa wannan da hannunsa. Duk layin shagunan an san wanda ya ɗinka, an kuma san wanda aka ɗinka wa.

Ranar Lahadi aka ga takalmin a ƙofar coci.

Wanda ya gani ɗan Baffa ne, wato ɗan yayan Baba. Manaja ake ce masa, domin shi ke kula da wani gidan mai da ke fuskantar cocin. Ya daɗe yana son Auta, ita kuma ta daɗe tana ce masa Yaya. Ya ce ta tagar ofishinsa ya hango Dogo ya hau matakala riƙe da uwarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya zame takalmansa, ya shige ciki. Sai ya tsallaka titi ya ɗauko ƙafa ɗaya, don kada a ce ƙarya yake yi.

Dogo da safa ya tuƙa mota zuwa gida.

*

Sai da Auta ta dawo daga aiki ta ji labarin. Mutum uku ta tarar a falo. Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga, Umma tana zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗaki, Baffa ya mamaye doguwar kujera, hularsa a kan gwiwa. An kashe talabijin. Ta durƙusa ta gaishe su, Baffa kaɗai ya amsa.

Shi ya yi bayani. Ya ce kai uwa bakin ƙofa abu ne da aka sani tuntuni, aka kau da kai, domin uwa uwa ce. Shiga ciki ma da za a iya nemo masa uzuri. Amma cire takalmi wani abu ne daban.

"Kin taɓa ganin wanda ya cire takalmi don zai shiga banki?" in ji shi. "Ko tashar mota? Mutum ya san inda yake tuɓe takalminsa."

"Baffa, ba ta iya hawa matakala ita kaɗai. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye."

"Cocin guda babu mai hannu?"

Auta ta dubi Baba. Yana kallon labule.

Ta ce da can a bakin get Dogo yake ajiye uwarsa. Da ciwon ya same ta aka kawo ta sashensu, a nan ne ma ita da uwar suka san juna. Ita ce ta koya masa yadda ake tafiya da mai irin wannan ciwo: a tsaya a gefen da ya shanye, a riƙe ta a ƙugu ba a hannu ba, kuma kada a saki sai ta zauna.

"Ni na ce kada ya miƙa ta ga kowa sai ya zaunar da ita," ta ce.

Umma ta ɗago kai. "Ke kika tura shi ciki?"

"Aikina ne, Umma. Duk mai jinya haka muke gaya masa."

Baffa ya ɗauki hularsa ya juya ta a hannu. Ya ce to an ji, tun ba a ɗaura ba ke nan. Sannan ya kawo maganar da Auta ta san za ta zo. Gobe in ta haihu ta tafi asibitinta, wa zai riƙe yaran? Ranar Lahadi in an fita da kakarsu, su a ina za a bar su?



Sai a lokacin Baba ya yi magana, a hankali, kamar mai faɗin ranar da za a zo karɓar gyara. Hanya biyu ce. Ko dai Dogo ya daina taka cocin, mutanen uwarsa su riƙa zuwa suna ɗaukarta, ko kuma ta koma wurin danginta kafin a yi aure. In ɗaya ta samu, za a sake zama. In ba ta samu ba, magana ta ƙare.

Baffa ya ce zai zo ranar Lahadi da safe ya ji amsa. Ya ƙara da cewa ba a rasa miji ba a gidan nan, ga na gida yana jira.

"Ba zan yi mata dole ba, Yaya," in ji Baba. "Amma shi ma wancan ba zan ba shi ba a haka."

A kicin Auta ta yi kukanta, tana wanke kofin da yake a wanke. Umma ta shigo ta tsaya a bayanta. Ta ce ita ba ta ƙin matar nan, Allah ya sani, har dubiya ta je mata lokacin tana kwance. Amma Baba a layin nan yake neman abinci, kuma a gaban mutane aka ajiye masa aikin hannunsa kamar an kawo shaida kotu.

"Ya fi jin wannan a kan komai," ta ce. "Rufe famfon, ruwa yana zuba."

*

Ranar Laraba ce ranar gashin mahaifiyar Dogo. Kafin Auta ta kai ƙofar asibiti ta ga motar Manaja a gindin bishiya. Ya fito da rigar gidan mai a jikinsa, makulli yana juyawa a yatsa.

"Ƙanwata, tsaya mana. Wallahi ba don kaina na yi ba."

"Ina kwana, Yaya."

Ya ce da ya yi shiru, da wani bare ne zai gani ya baza a gari. Shi ya rufa asiri, ya kawo magana gida.

"A shago ka ajiye shi," ta ce. "Shago gida ne?"

"Nan na samu Baba."

"Na ga dai ka bar wa Dogo ƙafa ɗaya. An gode da adalci."

Ya yi 'yar dariya, ya matso. Ya ce ta yi tunani. Shi gidansa babu abin da za ta gani a bango ya dame ta, babu ranar da za ta rasa amsar da za ta ba 'ya'yanta.

"Ka bar mutum da safa a kan tayil, da mara lafiya a hannunsa, ga matakala a gabansu," ta ce. "Da ta faɗi, da me za ka kawo shago?"

Ta wuce.

Sashen gashi ɗaki ne mai tsawo. Akwai ƙarafan riƙo guda biyu a tsakiya, babban madubi a bango, da 'yar matakalar katako ta gwaji a kusurwa. Kullum warin man shafawa yake yi. Mama, mahaifiyar Dogo, tana zaune a kujerar da ta saba, 'yar ƙaramar mace mai furfura, hannunta na hagu a kwance a kan cinya. Dogo yana tsaye a gefenta da silifas ɗin banɗaki, dunduniyarsa a waje.

Auta ta shirya kalmomi da yawa a hanya. Ba su ne suka fito ba.

"Wa ya ce ka cire takalmi?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma bai san yana cirewa ba. In ya iso ƙofar da mutane ke addu'a a ciki, ƙafarsa ce take yi da kanta, tun yana yaro haka ya saba.

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun ranar farko."

"Da safa. A kan tayil. Kana riƙe da ita."

"Na gaya masa, 'yata," in ji Mama. Maganarta tana ɗan ja tun bayan ciwon, amma ana ganewa. "Na ce mu ba ma cirewa. Ba ya ji. Mai tsaron ƙofa har ya koyi jera masa su a gefe, kada a yi tuntuɓe da jirgin ruwa."

Babu wanda ya yi dariya sai ita.

Auta ta tambaye shi abin da yake yi a ciki, domin za a tambaye ta. Ya ce yana kai ta ƙarshen bencin baya, kusa da ƙofa, ya zaunar da ita, ya gyara mata ƙafar, ya fito. A mota yake zama yana duba aikin ɗalibai. In an tashi ya koma ya ɗauko ta. Shi ke nan.

Sai ta faɗa musu sharuɗɗan Baba, yadda ya faɗe su, ba ta rage ba.

Dogo ya ce na farko ba zai yiwu ba, kuma ita ta fi kowa sanin dalili. Ta sani. Sau ɗaya wani dattijo a cocin ya so ya taimaka, ya kama Mama ta hannun da ya shanye ya ja ta sama. Kafaɗar ta goce. Auta ce ta yi makonni tana gyara ta, Mama tana cije leɓe. Na biyun kuwa, ƙanwar Mama a saman bene take zaune, can bayan gari. Wanda aka hau da shi can a wannan hali, ya hau ke nan.

"Akwai na uku," in ji Mama. "In daina zuwa. Ba wanda zai shiga, ba wanda zai cire takalmi."

"Mama," in ji Dogo.

"Allah yana jin mutum daga kan gado."

Dogo ya tsuguna a gabanta. Ko a tsugune ya kusa kai tsawonta.

"Da nake yaro, ke kike tashina da asuba. In ana ruwa ki raka ni har ƙofar masallaci, ki tsaya da lema a waje sai na fito. Ban taɓa jin kin ce in koma gado Allah yana jina daga can ba."

"Wannan alkawari ne na yi wa mahaifinka."

"To ni ma nawa ke nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ya je ya samo mata ruwa, maƙogwaronta ya bushe. Akwai ruwa a jakarta, dukkansu sun sani. Ya tashi ya fita, silifas yana bugun ƙasa.

Auta ta ɗaura mata bel ɗin riƙo a ƙugu, ta tsaya a hagunta, ta miƙar da ita tsakanin ƙarafan. Suka fara tafiya. A madubi suke ganin juna.

Mama ta ce mahaifin Auta bai yi laifi ba da ya ji tsoro. Ita nata uban bai zo aurenta ba. Ya rasu bai taɓa ɗaukar Dogo a hannunsa ba, ga shi gari ɗaya suke. Ta ce ta ga yadda ake rasa mutane a kan irin wannan, ba ta son ta sake gani, balle a ce ita ce dalili.

"Ke yake jin maganarki," ta ce. "Ki gaya masa ya bar ni a gida. Ki ce ke ce likita, kin ga hawa matakala ba ya yi mini kyau. Zai yarda."

Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya. Ba ta da hannun sharewa, na daman yana kan ƙarfe.

Auta ta san zai yarda. Ta kuma san ƙarya ce. Fitar Lahadi ita ce kaɗai tafiyar da Mama take yi a wajen gida da wajen wannan ɗakin, saboda ita take jure gashin. Ta ga marasa lafiya da yawa da aka ɗauke wa irin wannan fitar, ta san yadda suke komawa cikin ɗan lokaci.

Duk da haka ta ji bakinta yana shirin cewa to. Abin ya ba ta tsoro.

"Ɗaga ƙafar, Mama," ta ce. "Kina janta."

A baranda Dogo ya tare ta, gorar ruwa a hannunsa. Ya ce ya san abin da aka aike shi don a faɗa. Ya tambaye ta kai tsaye ko tana so ya yarda.

"Ina so," ta ce. "Amma kada ka yarda."

Ya jingina da bango ya rufe ido. Wata ma'aikaciya ta zo wucewa da keken marasa lafiya, suka matsa mata.

*

Ranar Asabar da la'asar ta je shagon Baba. Rabonta da zama a bencin nan tun tana makaranta. Komai yana inda ta san shi: fatu a naɗe a kan kanta, ƙafafun katako a jere bisa girma, gwangwanin gam da murfinsa a karkace. Takalmin yana nan a ƙarshen tebur, an ɗora masa tsumma.

Baba bai tambaye ta abin da ya kawo ta ba. Ya gama ɗinkin da yake yi, ya yanke zare, sannan ya janye tsumman ya kifa takalmin.

Ƙasan ya cinye ta gefe ɗaya, daga dunduniya har tsakiya. Ɗaya gefen kamar sabo.

Ya ce tun Litinin yake dubawa. Fatar ƙasan nan mai kyau ce, shi ya zaɓe ta. Yaron kuma ya ga tafiyarsa, ba ya karkata. Har ya fara tunanin ko hannunsa ne ya fara tsufa.

"Ba hannunka ba ne, Baba."

Ta miƙe ta nuna masa a tsakiyar shagon. Ga inda Mama take, ga inda Dogo yake tsayawa, a hagunta, ɗan baya kaɗan. Duk takun da za ta yi, nauyinta a kan ƙafarsa ta dama yake sauka. Haka daga gado zuwa banɗaki, daga ɗaki zuwa mota, safe da yamma.

Baba ya bi gefen da ya cinye da babban yatsa. Ya mayar da tsumman.

"Wannan na gane," ya ce. "Tambayar Baffanki fa? Yaran?"

"Wanda ta yi renonsa yana nan. Ka tsaya kusa da shi a sahu."

"Shi na sani. Ita fa?"

Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganinta, a gadon asibiti, lokacin ko magana ba ta yi. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya fito. Yanzu ana so ya ɗauki 'yarsa da jikokin da bai gani ba ya kai gidan matar da bai san muryarta ba.

Auta ta ce gaskiya ne. Sannan ta gaya masa abin da Mama ta nema ranar Laraba.

Ya ajiye basillar da ya ɗauka.

"Ita ta ce za ta daina?"

"Ita."

"Shi fa?"

"Ya ƙi."

"Ke fa?"

"Ni ma na ƙi."

Ya dube ta sosai, karo na farko a makon. "Kin san abin da kika ƙi?"

"Na sani, Baba."

Ta so ta tsaya a nan, amma kukan ya ƙwace mata. Ta ce ba ta san yadda za ta zauna a gidan da aka saya mata da ƙafafun tsohuwa ba. Kullum Lahadi za ta riƙa ganinta a zaune da kayan gida tana kallon agogo. Kuma shi Dogon da zai iya yin haka ga uwarsa, ba shi ne wanda Baba ya auna wa ƙafa ba.

Baba ya miƙa mata tsumma mai tsabta daga aljihun tebur. Ya jira ta gama.

Ya ce Baffanta ne ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya kama masa shagon nan. Tun da yake, yayansa bai taɓa cewa a'a ya ce i ba. Bai san yadda ake yi ba.

Wani ya leƙo da takalmin makaranta a leda. Baba ya karɓa, ya duba, ya ce a dawo Talata.

"Je ki gida," ya ce da ita. "Ki taya ummanki aiki."

*

Lahadi da safe Baba ya sa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya fita. Bai ce ga inda za shi ba. Wayarsa tana kan talabijin.

Umma ta share falo, ta sake sharewa. Ta shimfiɗa sabon mayafi a doguwar kujera saboda Baffa. Auta tana goge kofuna lokacin da wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, muryarsa can ƙasa.

Ya ce Baba yana gidansu.

Mama tun da ta tashi ta ƙi sa kayan fita. Ta zauna a falo da zanin gida, ta ce ba inda za ta, in ya isa ya ɗauke ta da kujerar. Suna cikin haka aka yi sallama. Baba ya ce ba wurinsa ya zo ba, wurin mahaifiyarsa ya zo, in za ta ba shi izini. Ta ba shi. Ya zauna a kujerar da ta fi nisa da ita, ya ce a bar ƙofa a buɗe, shi kuma Dogo ya je ya duba motarsa.

"Me suke cewa?"

"Ba na ji daga nan. Na ji ta yi dariya sau ɗaya. Yanzu shiru."

"Shiru na me?"

"Ban sani ba."

Ya kashe. Auta ta tsaya da wayar a hannu. Umma tana bakin kicin, ta ji komai. Ta zauna a kan kujerar roba ta riƙe gwiwoyinta.

Aka daɗe. Rana ta hau tagar falo. A can titi wata mota ta tsaya, ta wuce, ba ta Baffa ba ce.

Wayar ta sake ƙara.

Dogo ya ce Mama ta kira shi ta ce ya ɗauko mata shuɗiyar rigarta da ɗankwali. Idonta ya yi ja. Baba ya fito waje ya tsaya har aka gama shirya ta, ya kalli yadda aka sauko da ita, aka sa ta a mota. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya shiga ya zauna.

"Ya shiga ina?"

"Gaban mota. Ya ce abin da aka ba shi labari, yana son ya gani da idonsa."

"Zai sauka a can?"

"Bai ce ba."

"Maganarmu fa?"

"Ko kallona bai yi ba. Auta, zan tuƙa, sun zauna suna jirana."

Ta ajiye wayar a kan tire, kusa da kofuna. Ta gaya wa Umma. Umma ta ce innalillahi a hankali, sannan ta tashi ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, domin an yi sallama a ƙofa.

Baffa ya shigo shi kaɗai. Ya zauna a kan sabon mayafin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Ya sha rabi. Ya tambayi ina ƙaninsa, Umma ta ce ya fita tun da safe. Ya ce ai ya san da zuwansa. Umma ta ce ya sani.

"To zan jira," in ji Baffa. "Ke kuma, me yaron ya ce?"

Auta ta buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta da ido ya duba, ya ce Manaja ne, yana wurin aiki. Ya kara a kunne.

Ya daɗe yana saurare. Kofin yana hannunsa na hagu, bai ajiye ba. Sannan ya juyo ya dubi Auta.

"Sake faɗa," ya ce a wayar. "A motar wa?"